Masu adaidaita da dogon baro, ku gano abin da ya kashe tsohon batiri kafin ku sayi sabo

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a shafin wasiƙu mu yi magana da ƴan uwanmu masu adaidaita da masu dogon baro (keken ɗaukar kaya mai ƙafa uku) na nan Tawa da kewaye, har da na Yamai, a kan batiri. Da zarar bazara ta kankama, daga Maris zuwa Mayu, batura sukan fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Mutum ya fito da asuba zai tafi nema, ya murɗa makulli, sai ya ji "ƙas, ƙas" kawai, inji bai juya ba. Ya ruga kasuwa ya sayo sabo, bayan wata biyu ko uku shi ma ya kwanta, sai a ce mai shago ya sayar da jabu. Jabu akwai shi, ba mu musa ba. Amma sau da yawa abin da ya kashe tsohon yana nan cikin keken bai je ko'ina ba, shi ne zai cinye sabon, kuma zai cinye na bayansa.

Saboda haka aikin farko awo ne. Ana yin sa da mitar awon wuta, wadda duk mai gyaran wutar babura ya kamata a ce yana da ita, kuma ba ya ɗaukar minti goma. Batirin da aka rubuta 12V a jikinsa ɗaki shida ne a ciki, kowane ɗaki yana ba da kusan bolt 2.1. Idan keken ya kwana a kashe aka auna da safe, cikakken batiri zai nuna 12.6 zuwa 12.7. Idan ya nuna 12.4, kusan kashi uku cikin huɗu ya rage. 12.2 rabi ke nan. Daga 12.0 zuwa ƙasa ya kusa ƙarewa ƙaf. Idan kuwa aka yi masa caji ya huta ya dawo wajen 10.5, to ɗaki ɗaya ya mutu, wannan ba shi da magani, sai sauyi. A lura, awon da aka yi nan take bayan an kashe inji yana yaudara, domin wutar sama-sama ce za a gani. A bar shi ya huta ko da awa biyu ne.

Awo na biyu, a bar mitar a kan batirin a tada inji da makulli, ido a kan lamba. Lokacin da demarer, wato na'urar da ke juya inji don ya tashi, ke juyawa wuta za ta faɗi, wannan daidai ne, amma bai kamata ta sauka ƙasa da 9.6 ba. Batirin da ya nuna 12.6 yana zaune, ya faɗo 7 ko 8 da an taɓa makulli, ya gaji.

Awo na uku shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi duka muhimmanci. Inji yana aiki, a ɗan ƙara masa wuta, a kunna fitilar gaba, a sake aunawa. Ya kamata a ga tsakanin 13.8 da 14.5. Idan lambar ta tsaya 12 da wani abu, ko ta ƙi wuce 13, keken ba ya mayar wa batiri abin da ya ci. Laifin yana wajen bobin ɗin caji, wanda ƴan Najeriya ke ce wa kwayil, ko regilater mai daidaita wutar da ke shiga batiri, ko wata waya da ta saki. Idan kuwa lambar ta haura 15, regilater ya lalace yana dafa batirin. Wannan ko ba mita ana gane shi: ruwan batiri na ƙarewa da sauri, ana jin wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, gefen batirin ya kumbura kamar cikin da ya ƙoshi, ƙwan fitila na yawan ƙonewa. Duk wanda ya ɗora sabon batiri a kan irin wannan regilater, kuɗinsa ya zuba a rijiya.

Akwai kuma wayar mas, baƙar wayar nan da ta tashi daga batiri ta ɗaure a jikin ƙarfen keke ko a jikin inji. Ku kwance ta ku duba ƙarƙashin notin. Sau da yawa za ku tarar da jar ƙura ta haɗu da tsatsa da maiƙo ta zama kamar ɓawo, ko kuma zaren tagullan da ke cikin wayar rabinsu sun tsinke, sauran sun yi kore. Wuta ba ta wucewa sosai ta irin wannan wuri, demarer ya riƙa juyawa da ƙyar, a ɗora wa batiri laifin da ba nasa ba. A kankare wurin har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure tam, a sake gwadawa. Keke da yawa sun tashi da wannan kaɗai.

Saura ɓarawon wuta. Idan batiri yana cika da rana amma ya wayi gari babu komai, wani abu na shan sa cikin dare. A kashe makulli, a cire wayar baƙin kai, wato kan batirin mai alamar (−), a juya mitar zuwa awon ampa, a sa ta tsakanin kan batirin da wayar. Keken da ba a ƙara masa komai ba, abin da zai nuna ɗan kaɗan ne ƙwarai, ƴan miliampa. Idan an ga ya kai 50 ko 100, a bi kayan da aka ƙara ɗaya bayan ɗaya: rediyo, wurin cajin waya, fitilun ado, ƙararrawar ɓarayi. Galibi wanda ya haɗa su kai tsaye ya ɗaura a kan batiri, bai bi ta makulli ba. Kada a kuskura a tada inji mitar tana haɗe haka, za ta ƙone.

To, in an tabbatar batirin ne ya mutu kuma caji lafiya lau, sai a zo ga zaɓe. Shawararmu ita ce a ɗauki tsohon a tafi da shi shago, ko a ɗauki hoton rubutun jikinsa da waya, a auna tsawo da faɗi da tsayin gidan da yake zama. Amma a yi hattara, tsohon ma yana iya zama ba shi ne na asali ba, musamman a keken da ya bi hannu biyu ko uku. Littafin keken, in yana nan, shi ne alƙali.

Bolt ba a ciniki a kansa: keken bolt 12 batirin bolt 12 yake so. Inda ake rikicewa shi ne lambar da ke gaban Ah, wadda ake ce wa ampa. Ita ce girman tulun, wato yawan wutar da batirin ke iya riƙewa. Ƙananan baturan babur ana ƙiyasta su a kan awa 10, don haka mai 9 Ah zai iya ba da kusan ampa 0.9 na tsawon awa 10. Manya irin na mota a kan awa 20 ake ƙiyasta su, mai 32 Ah zai ba da ampa 1.6 na awa 20. Adaidaitan fasinja ƴan Indiya masu shan fetur, irin su Bajaj RE da TVS King, batirinsu na kamfani bolt 12 ne, wajen 32 Ah. Masu injin gazuwal sun fi haka buƙata, domin injinsu ya fi nauyin juyawa. Dogon baro kuwa, wanda galibi daga Sin yake zuwa da inji daga 150 zuwa 250 cc, babu lamba ɗaya da ta game su. Wani da ɗan ƙaramin batirin babur yake zuwa, wani da babba mai kama da na ƙaramar mota. Shi ya sa ba a cewa mai shago "ba ni batirin dogon baro" kawai a miƙa kuɗi.

Sauka ƙasa da lambar kamfani asara ce ko da ya fi araha. Ƙaramin batiri a kan inji babba, duk tadawa ɗaya sai ta kwashe masa kaso mai yawa, farantan dalmar da ke ciki su yi zafi, su riƙa zubar da abin da aka shafe su da shi, ya taru a ƙasan ɗaki har ya haɗa wuta. Mai ɗaukar fasinja a cikin gari, wanda ke kashewa yana tadawa sau talatin ko arba'in a yini, shi zai fi saurin ganin haka.

Hawa sama fa? Nan mutane da yawa suke ganin sun yi dabara, su ɗauko batirin mota mai 60 ko 70 Ah su ɗaure da igiyar roba a ƙarƙashin kujera. Ƙara kaɗan, misali daga 32 zuwa 35, ba laifi in ya shiga gidansa. Amma babban batiri ba ya ƙara wa keke wuta, domin bobin ɗin caji ne ke samar da ita, kuma abin da yake iya bayarwa ƙayyadadde ne. A yi lissafi. Ƙwan fitila mai wat 35 yana shan kusan ampa 3. A ƙara fitilun LED biyu masu wat 18 kowace, wasu ampa 3 ke nan. A ƙara amfilifaya da manyan lasifika. Idan bayan duk wannan abin da ya rage wa batiri ampa 2 ne, to mayar da rabin batiri mai 32 Ah, wato 16 Ah, zai ci fiye da awa 8 ana tafiya. Rabin mai 60 Ah zai ci fiye da awa 15. Wa ke da wannan? Sai babban batirin ya zauna kullum rabi-rabi, kuma batirin dalma in ya daɗe bai cika ba wani farin gishiri yakan daskare a kan farantansa, ya toshe su, har ya daina karɓar caji. Wanda kayan wutarsa suka fi ƙarfin kekensa, ya rage kayan, ko ya riƙa kai batirin caji a waje sau ɗaya a mako.

Wata lambar da ake gani ita ce CCA, ko wani lokaci harafin A kawai bayan lamba mai girma. Tana nuna ƙarfin bugun da batirin ke iya yi lokaci guda don juya inji, kuma ana auna ta cikin sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri na daƙiƙa 30. Mu ba mu da irin wannan sanyi, ko a tsakiyar hunturu. Duk da haka, idan batura biyu sun yi daidai a girma da Ah, wanda CCA ɗinsa ya fi yawa zai fi tada inji da sauƙi a safiyar Disamba da Janairu, lokacin da man inji ya yi kauri.

Rubutun lambobin nan da ke jikin batiri suna da ma'ana, kuma sanin su yana hana a yi wa mutum musanya. 12N9-4B-1 batirin ruwa ne, bolt 12, 9 Ah, tsawonsa wajen milimita 135, faɗi 75, tsayi 139, sauran haruffan suna nuna inda kawunansa suke da gefen da bututun numfashi ya fito. YTX9-BS rufaffe ne, duk da akwai 9 a sunansa 8 Ah yake, kuma siffarsa daban ce: 150 da 87 da 105. Kun ga ke nan ɗaya ba ya shiga gidan ɗaya. A manya kuma, irin su 38B20L, harafin B faɗi ne na wajen milimita 127 zuwa 129, 20 tsawo ne na kusan santimita 20. Harafin ƙarshe, L ko R, shi ke faɗin ɓangaren da kan ja (+) da kan baƙi (−) suke, kuma ɗaya kishiyar ɗaya ne. Wannan harafi guda ya jawo ɓarna mai yawa. Mutum ya sayo R a madadin L, waya ta ƙi kaiwa, ya ja ta da ƙarfi ta goga a jikin ƙarfe, ko kuma cikin duhu ya haɗa a juye. Haɗawa a juye, ko na ƙiftawar ido ne, tana iya ƙone fizibil (fis) da regilater, wani lokaci har da akwatin CDI mai ba fulogi wuta. A ajiye sabo da tsoho gefe da gefe, kawunansu suna kallon mutum, a tabbatar alamar + tana ɓangare ɗaya a duka biyun. A duba kaurin kawunan ma, akwai sirara akwai masu kauri, kuma maƙalar da ta yi wa kai yawa ba a gyara ta da cusa ƙusa ko guntun gwangwani.

Sai nau'i. Na ruwa mai murafu shida shi aka fi sani. Yana son kulawa, amma a ƙasa mai zafi irin tamu yana da wata fa'ida babba: in ruwa ya ragu ana iya ƙarawa. Rufaffe na AGM, wanda asid ɗinsa ke jiƙe cikin wani abu kamar audugar gilashi, ba ya zuba, ya fi jure girgiza, don haka ya dace da dogon baron da ke bin hanyar ƙauye mai kwazazzabai da lodin albasa ko bulo. Sharaɗinsa ɗaya, regilater ya zama lafiyayye, domin in aka dafa shi ruwan da ya fita ba ya dawowa, kuma ba a buɗe shi. Na jel ya fi AGM ma rashin haƙuri da cajin da ya wuce kima. Akwai kuma manya da ake cewa ba sa son kulawa, masu ɗan ido a sama da ke nuna kore. Wannan idon ɗaki ɗaya kawai yake kallo cikin shida, don haka korensa ba shaida ba ce cewa sauran biyar suna lafiya.

Na litiyom ya fara shigowa. Ba shi da nauyi, yana bugu da ƙarfi, amma ba ya son caji ya wuce wajen 14.6, yana da tsada, kuma ba kowace na'urar caji ta bakin titi ta dace da shi ba. A ganinmu mai neman abinci da keke a Tawa bai kai ga buƙatarsa ba tukuna. Abin da muke hanawa kai tsaye shi ne ɗaura batirin sola ko ɗan batirin nan mai 7 Ah na na'urar riƙe wutar kwamfuta. An yi su ne don su ba da wuta kaɗan-kaɗan na dogon lokaci. Demarer kuwa wuta mai yawa yake fizga cikin daƙiƙa biyu ko uku, abin da ba a gina su dominsa ba.

Zafi shi ne babban abokin gabar batiri a ƙasar nan. Ƙa'idar da masu ƙera shi suka sani ita ce, duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana rage rayuwar batirin dalma da kusan rabi. A watan Afrilu da Mayu inuwa ma tana wuce 40, balle akwatin ƙarfe da ke kusa da inji. Wannan ya shafi saye kai tsaye, domin batirin da aka riga aka zuba wa ruwa yana tsufa tun yana kan kanta, kuma cikin zafi ya fi saurin zubar da cajinsa. Tun da hanyar Kwatano ta samu cikas a 2023, kayan da ke zuwa ta teku suna daɗewa a hanya kafin su iso. Saboda haka a nemi ranar ƙira a jikin batirin ko kwalinsa, a guji wanda ya haura wata shida da ruwa a ciki. A sa mai shago ya ɗora mita a gaban mai saye: 12.5 zuwa sama a karɓa, ƙasa da 12.4 a nemi wani. Wanda aka jera a rana a bakin shago don jan ido, a bar masa abinsa. A ɗaga shi kuma a ji nauyi. Dalma ce ke aiki a ciki, kuma dalma nauyi gare ta. YTX9-BS na kirki yana kai wajen kilo 3, mai 32 zuwa 35 Ah yana wajen kilo 9 zuwa 11. Batura biyu masu girma ɗaya da lamba ɗaya, ɗaya ya zama sakayau a hannu, an rage masa dalma.

Busasshen batiri, wanda ake zuba wa asid ranar saye, ya fi kwanciyar hankali ta wannan fuska, muddin hatiminsa bai fashe ba. Sai dai a nan ne ake yin kuskuren da ya fi kowane yawa, wato a zuba ruwa a ɗaura a keke nan take a kama hanya. Ga yadda ya kamata. A na ruwa, a fara cire ɗan murfin da ya toshe bakin numfashi a gefe, domin in aka bar shi iska za ta taru ciki har batirin ya iya fashewa. A zuba asid ɗin batiri, wanda kaurinsa ke tsakanin 1.26 da 1.28, har layin sama a kowane ɗaki. A bar shi ya zauna minti 30 zuwa awa ɗaya faranta su sha, zai ɗan yi ɗumi yana ƙananan kumfa. In ruwan ya sauka a cike da asid ɗin zuwa layi. Sannan a sa shi a caji mai sanyi, kashi ɗaya cikin goma na Ah ɗinsa: mai 9 Ah ampa 0.9, mai 32 Ah wajen ampa 3, murafu a sassauce, na wasu awoyi har ya cika. In ya yi zafin da hannu ba ya jurewa a tsaya ya huce. A rufaffe mai BS, kwalbar asid ɗin da ta zo cikin kwalinsa ita kaɗai ake kifawa, a bar ta ta tsiyaye duka, ya huta, a danna marfin har ya zauna daidai, kuma daga ranar ba a sake buɗewa. Batirin da aka zuba wa ruwa ba a yi masa wannan caji ba yana wajen kashi 75 zuwa 80 cikin ɗari ne kawai, kuma in aka fara aiki da shi haka da wuya ya taɓa kai ƙarfinsa na gaskiya. Mun san mai keke yana ƙirga kowace awa da bai fita ba, ga balas na jiran sa da yamma. Amma rabin yini ɗaya ne, kuma a kansa watannin rayuwar batirin suka rataya. Masu caji da ke ɗaura ɗan batirin babur a babbar na'urar mota don ya "cika da wuri", su ma su ji tsoron Allah, ƙona shi suke yi.

Wajen ɗaurawa, a kashe makulli a zare shi. A cire wayar baƙin kai (−) tukuna, sannan ta jan kai (+). Wajen mayarwa a fara da ja, a ƙare da baƙi. Dalili shi ne duk ƙarfen keken a haɗe yake da baƙin kai, don haka in sifana ta taɓa jan kai da jikin keke lokaci guda alhali baƙin yana ɗaure, wuta za ta tashi, ga tankin mai kusa. Farin garin nan ko kore da ke taruwa a kan maƙala, a wanke shi da ruwan kanwa ko na bikarbonat da tsohon buroshi, za a ga yana kumfa, a ɗauraye a shanya. Kada ko ɗigo ya shiga cikin ɗakunan batirin, yana kashe asid. A ɗaure noti da kyau ba tare da an murɗe kan dalmar ba, sannan a shafa basilin ko giris a sama bayan an ɗaure. A shimfiɗa guntun roba a ƙasa, a ɗaure batirin da maɗaurinsa har ya zama ba ya motsi in an girgiza shi da hannu, domin batirin da ke tsalle a gidansa farantansa karyewa suke yi. Bututun numfashi a saukar da shi ƙasa, kada ya lanƙwashe, kada bakinsa ya kalli sarƙa ko ƙarfen keke, tururin asid yana cin su. Fizibil kuma a mayar da mai lambar da aka tarar. Naɗa zaren waya ko takardar kwalin sigari a gurbinsa shi ke sa wayoyin keke su kama wuta gaba ɗaya.

Bayan haka kulawar ba ta da yawa. A na ruwa, a duba layi duk mako biyu lokacin zafi. In ya sauka a ƙara tataccen ruwan batiri kawai. Ruwan rijiya da na famfo da na leda duk suna ɗauke da gishirin ƙasa da ke lalata faranta. Asid kuma ba a ƙara shi, domin ruwa ne ke tashi ya bar asid ɗin a ciki, ƙari sai ya sa ya yi kauri ya ci farantan. Kada a riƙe makulli fiye da daƙiƙa 5 wajen tadawa, in bai tashi ba a dakata kaɗan a sake. In keke zai yi fiye da mako biyu a ajiye, a cire wayar baƙin kai, a kai batirin caji sau ɗaya a wata. A nemi inuwa wajen fakawa in da hali.

Wasu al'adu na gareji ya kamata a daina su. Cire kan batiri inji yana aiki don a ga ko yana caji, yana iya kashe regilater nan take. Goga waya tsakanin kawuna biyu don a ga tartsatsi ba awo ba ne, kuma iskar da batiri ke fitarwa lokacin caji tana kamawa da wuta, shi ya sa ba a shan sigari kusa da shi. In za a yi walda a jikin keke a cire wayoyin batiri tukuna. In za a ɗauki wuta daga mota, a kashe injin motar. Asid in ya fantsama a ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta na minti 15 ba tsayawa, sannan a tafi asibiti.

A karɓi rasit mai kwanan wata da lambar batirin, a tambayi wata nawa ne garanti kuma a sa mai shago ya rubuta da hannunsa. A rubuta ranar ɗaurawa a jikin batirin da alƙalamin da ba ya gogewa. Muna kuma kira ga masu shagunan kayan babura su ajiye mita a kan kanta su auna cajin keke kafin su sayar, domin rabin rigimar garanti daga nan take tasowa.

Tsohon batirin kuma, don Allah kada a kai shi gida. Muna ganin yara suna wasa da shi, wasu suna fasa shi su narka dalmar a tsakar gida, a zubar da ruwan a ƙasa inda awaki da kaji ke kiwo. Gubar dalma ba ta da wari, ba ta nuna kanta da wuri, kuma ƙwaƙwalwar ƙananan yara ta fi kamawa. A unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar, yara 18 suka rasu tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008 saboda fasa tsofaffin batura da ake yi a cikin unguwa. A bar shi a tsaye da murafunsa a rufe, kada a tsiyaye ruwan, a mayar wa mai shago a rage kuɗin sabo, ko a sayar wa masu sayen tsofaffin batura yana nan yadda yake. Wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da sabulu kafin ya ci abinci.

Wassalam.

Daga wasu masu gyaran wutar babura da adaidaita,
Tawa, Jamhuriyar Nijar